Hayaƙin Kwalliya

Duk wanda ya taɓa aiki a masana'antar simintin bayan gari ya san Sarkin Wuta, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ne mai kula da babban tanderu, wato doguwar gangar ƙarfen nan da ke kwance tana juyawa a hankali, ana ɗura mata garin dutse ta wannan baki, yana fita ta wancan a gashe jawur. Da tsintsiya ya fara, yana saurayi, yana sharar ƙura a ƙarƙashin bel mai jan dutse. Daga tsintsiya ya koma shebur, daga shebur ya koma tsaron bakin wuta, har Allah ya kai shi kujerar ɗakin lura, inda maɓallai da ma'aunai suke. Wuta ta cinye masa gashin gira tuntuni, ta bar masa jan ido da babbar murya, don wanda ya yi rayuwarsa a gefen tanderu ba ya iya raɗa. Ko a gida in ya ce a miƙo masa ruwa, sai maƙwabta sun san yana jin ƙishirwa.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya: hayaƙinsa da 'yarsa Auta. Daga ƙofar gidansa ana hango bututun hayaƙin kamfani, kuma kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya ɗaga kai ya duba shi. In ya ga hayaƙin fari ne, siriri, yana miƙewa sama, sai ya gyara zaman hularsa. In kuwa ya ga ya yi duhu, to wanda ya kwana a kan aiki ya shiga uku. "Hayaƙi shi ne fuskar mai tanderu," haka yake cewa, ya faɗa ya maimaita har abokan aikinsa suna ƙarasa masa.

Akwai wata ɗabi'a ta masu tanderun wurin da ya gada daga maigidansa na farko. Ba a rubuce take ba, babu manajan da ya taɓa ba da umarninta, babu kuma wanda ya taɓa hanawa. In an ji manyan baƙi za su zo, mai tanderu yakan rage garin dutsen da ke shiga, sannan ya sauka gindin bututu ya murɗa wani tsohon sitiyarin ƙarfe da ke buɗe ƙofar iska. Iskar waje sai ta cuɗanya da hayaƙin ta tsinka shi, ya fito shara-shara, masu ziyara su ɗaga kai su yaba da tsabta. Hayaƙin kwalliya suke kiran wannan, kuma duk kamfanin ba wanda ya kai Sarkin Wuta iya shi.

Auta kuwa ta zo ne bayan maza uku, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda dutse ke zama siminti. Babban ya zama direba, na biye ya buɗe shagon gyaran waya, na ukun ɗinki ya kama. Ita kaɗai ce, tun ba ta kai tsawon tebur ba, take tarar sa a ƙofa, ta karɓi hular kwanonsa ta kifa a kanta, ta zauna a gefensa tana jero tambaya har abinci ya huce. Duk abin da ya gaya mata kuma sai ta kai shi makaranta. "Baba ya ce wuta ba ta son gaggawa." "Baba ya ce dutse ma yana da numfashi, in ya gasu yake fitar da shi." Har malamarta ta taɓa aiko da saƙo cewa a gaya wa Baba ya riƙa bari malamai su ma su ce wani abu. Ya yi kamar ransa ya ɓaci, amma sai da ya ba da labarin a wurin aiki har aka gaji da ji.

Ta shiga jami'a ta karanta ilimin sinadarai, ta gama, aka riƙe ta a ɗakin bincike. A nan ne wata sabuwar magana ta shigo gidan ta zauna daram a kujerar tsohuwar. Farfesa ya ce a daina ƙona shara a tsakar gida. Farfesa ya ce damina ta canja lokaci. Farfesa ya ce wanda bai auna ba bai sani ba. Da farko Sarkin Wuta murmushi yake yi, don ai malami uba ne. Amma da abin ya yi yawa, sai ya tarar yana lissafa su a zuciyarsa yana cin abinci, kuma loma ba ta wucewa da daɗi. Bai taɓa ganin mutumin ba, amma ya riga ya zana shi a ransa: ƙaton tumbi, tabarau a kan hanci, hannu mai laushi da bai taɓa riƙe shebur ba.

Sai ga Auta wata rana ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta ce kamfani da jami'a sun haɗa hannu, za a kafa na'urar gwaji a jikin tanderun Baba.

"Na'urar me?" ya tambaya.

"Ta kama iskar kabon, Baba. Ka tuna numfashin dutsen nan da kake gaya min? Ai ita ce. Tana fita a cikin hayaƙi, ta taru a sama, ita ke ƙara wa duniya zafi. Za mu ja wani ɓangare na hayaƙin mu bi da shi ta cikin wata hasumiya, akwai ruwan magani a ciki da ke shanye iskar, sannan mu dafa ruwan ya sake ta, mu matse ta a tanki. Kamar wanki ne dai."

"Wanki," ya ce. "Wato hayaƙina ne mai dauɗa."

"Ba dauɗa ba ce, Baba. Ba a ganin ta da ido."

"Abin da ba a gani da ido, wa ya gaya miki yana nan?"

"Farfesa ya ce..."

Ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Matarsa, wadda ta san shi kamar yunwar cikinta, ta kwashe kwanukan tana dariya ƙasa-ƙasa. "An ce kishi kumallon mata," ta ce, "ashe har masu gemu yana tasar musu." Ya ce shi ba kishi yake yi ba, kishin me, da wa? Ta ce ita ma ai ba ta kama suna ba.

Da Farfesa ya zo sai ya ƙara ɓata lamarin, don bai yi kama da zanen ba ko kaɗan. Wani ramammen dattijo ne mai tsohon takalmi, ya hau matattakalar ɗakin lura yana haki, ya miƙa hannu biyu ya gaishe shi, ya ce, "Sarki, mun zo cin arziki a gidanka." Da mai girman kai ne, da Sarkin Wuta ya sami abin riƙewa. Mutum ya zo maka da ladabi, ta ina za ka kama shi? Sai ya amsa a daƙile, ya juya ga maɓallansa kamar tanderu zai faɗi in ya ɗauke ido.

Watanni aka yi ana aiki. Masu waldar kamfani da ɗaliban jami'a suka cakuɗe, wannan ya riƙe bututu, wancan ya duba zane. Hasumiyar ta tashi sabuwa fil tana ƙyalli, tsohon bututun hayaƙi yana tsaye kusa da ita duk tsatsa. Ta tagar ɗakin lura Sarkin Wuta yake kallon komai, yana cewa ba kallo yake yi ba. Ya ga Auta tana bin Farfesa da hular kwanonsa in ya manta ta. Ya ga ta kama masa hannu a kan matattakala. Ya ga ta karkata kai gefe tana sauraronsa, irin karkatawar da ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Ranar da ta fi ƙona masa rai kuwa ita ce ranar da ya hango jan fulas ɗin gidansa, wanda ya saya da kansa, ana tsiyaya wa Farfesa shayi daga ciki. Shi kuma ga shi a sama da shayin kantin kamfani mai ɗanɗanon ƙarfe.

Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, abokinsa tun zamanin shebur, shi ma ya gani. "Sarkin Wuta," ya ce, "an yi maka juyin mulki ba ko harbi ɗaya."

"Dogo, tsawonka ya shanye maka hankali," in ji shi. Amma ranar bai ƙarasa shayinsa ba.

Ba wai Auta ta daina hawowa gaishe shi ba ne. Tana hawowa, ta durƙusa, ta tambayi aiki, har takan yi masa tambaya a kan wuta. Amma shi ya riga ya sa a ransa aiko ta aka yi, don haka amsa ɗaya yake ba ta: ta je ta tambayi wanda ya sani. Haka kishi yake, ko an kawo maka abin da kake nema sai ka ce ba da wannan hannun kake so ba.

Aka sa ranar gwaji. Shugabannin kamfani za su zo daga hedkwata su gani da idonsu, kuma a kan abin da suka gani za su yanke inda za a ci gaba da aikin: nan, ko sabuwar masana'antarsu da ke can wani gari mai nisa. Inda na'ura ta je, can masu bincike za su tare. Auta ce kuma za ta tafiyar da gwajin a gaban manya. Sarkin Wuta ya san duk wannan, don a gidansa ba a maganar komai sai ita.

Ana gobe gwaji, da yamma, yana zaune a ƙofar ɗaki yana goge takalmin aikinsa, ta zo ta tsuguna a gabansa.

"Baba, game da gobe. Farfesa ya ce..."

"In Farfesa ya ce ai magana ta ƙare," ya katse ta. "Ni me zan ƙara?"

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji, muhimmiya ce."

"Duk maganarsa muhimmiya ce. Tamu ce ta tsufa."

Ya zura takalman, ɗaya a goge ɗaya ba a goge ba, ya fice, bai dawo ba sai da ya tabbatar ta shige ɗakinta. Da safe ta riga shi fita, ta bar wa uwarta saƙo. Matar kuwa ta yi kuskuren ɗauko shi daga farko: "Maigida, Auta ta ce in gaya maka Farfesa ya ce..." Kafin ta kai ga saƙon ya kai bakin titi. A hanya waya ta yi ta ƙara a aljihunsa, ya ciro ya ga Auta ce, ya mayar.

Ranar ya yi kwalliyar da bai taɓa yin irinta ba. Ya rage garin dutse, ya sauka gindin bututu da kansa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya murɗa sitiyarin har sai da ya ƙi gaba. Ya ja baya ya ɗaga kai. Hayaƙin ya tsinke har kusan ba a ganin sa, zuciyarsa ta yi fari tas. Bari manya su zo su gani, bari shi ma mai shan shayin mutane ya gani, sannan a nuna masa abin da za a wanke a nan. Ba ya nufin kowa da sharri. So yake kawai yarinyar ta ɗaga kai sau ɗaya ta tuna 'yar wa ce ita.

Ya je ya tsaya a bayan taron, hannu a baya. Manya sun jeru a gaban wani babban allo mai nuna yawan iskar da na'ura ke kamawa. Auta, cikin farar riga da hular kwano, ta yi bayani tiryan-tiryan, ta danna maɓalli. Famfuna suka ɗauka. Lambar da ke kan allo ta fara hawa, ta hau kaɗan, sai ta cije. Aka jira, aka ƙara jira, ba ta kai ko rabin abin da aka yi wa manya alkawari ba. Auta ta duba wannan ma'auni ta duba wancan. Wani daga cikin manyan ya dubi agogonsa.

"Hayaƙin da ke shigowa ne ya tsinke, ranka ya daɗe," ta ce daga ƙarshe. "Iskar waje ta yi masa yawa. Kamar shayin da aka cika wa ruwa ne, na'ura ba ta samun abin kamawa."

"Daga ina iskar take shiga?" in ji shugaban.

Sai a lokacin ta ɗaga kai. Ta dubi bakin bututun, ta sauke ido, ta nemo mahaifinta a bayan taron kamar ta san inda zai tsaya. Ya sami kallon da yake nema, amma ba irinsa ya so ba. Ta san ƙofar, shi ya ba ta labarinta tana ƙarama suna dariya. Ta kuma san abin da za a yi wa mai tanderun da ya ɓata gwaji a gaban shugabanni, yana dab da ajiye aiki cikin mutunci.

"Ban tabbatar ba tukuna, ranka ya daɗe," ta ce.

Wani injiniya daga hedkwata ya taɓe baki. "Ai na faɗa tun farko. Tsohon tanderu ne, ta ko'ina shaƙar iska yake yi. Ba a ɗora sabon aiki a kan rariya."

Rariya! Tanderun da ya ba ƙuruciyarsa da gashin girarsa! Sarkin Wuta ya ji kamar an mare shi, kunya kuma ta rufe shi. Ya zame ya ruga gindin bututu, ya murɗa sitiyarin baya da duk ƙarfinsa, ya hau ya ƙara dutse. Sai dai shi da kansa ya koya wa Auta cewa wuta ba ta son gaggawa. Lokacin da hayaƙi ya dawo daidai, lamba ta hau har ta wuce alkawari, motocin manya sun daɗe da fita, ba mai kallon allon sai Farfesa da ɗalibansa da Dogo.

Da ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Sai ta dawo gida ta gaishe shi kamar kullum, ta kawo masa ruwa, ta zauna nesa kaɗan.

"Abin da na so gaya maka ke nan jiya, Baba. Kada a yi kwalliya. Hayaƙinka na kullum muke so, shi muka auna muka gina komai a kansa. Da safe ma na hau nemanka aka ce ka sauka, kafin in bi ka motoci sun shigo."

"Shi ya ce kada a yi?" Ko a lokacin, abin da ya fara zuwa bakinsa ke nan.

"Shi ina ya san da ƙofar? Ni na gaya masa. Na ce ya hau ya faɗa maka da kansa, ya ce shi ba shi da bakin da zai gaya wa mai tanderu yadda zai hura wutarsa, sai dai in roƙe ka a madadinsa. Roƙon ne ka ƙi ji."

Wannan karon matarsa ba ta yi dariya ba.

Washegari ya je ofishin manaja ya faɗi abin da ya yi, har masu jira a waje suka ji. Manaja ya buga waya, Farfesa ya aika da lambobin da aka samu bayan tafiyar manya. Amma su abin da idonsu ya gani suka riƙe, kuma dama hankalinsu ya fi karkata ga sabuwar masana'anta. Dalili suke nema, shi kuma ya ba su. Bakin alƙalami ya bushe, aka ce a kwance hasumiya. Shi gargaɗi kawai aka yi masa, aka ɗaure sitiyarin da sarƙa aka buga kwaɗo.

Ranar da ake loda kayan, yana tsaye a inuwar bututu, sai Farfesa ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Sarki, ka san sunan da ɗalibai suka sa wa 'yarka?" Ya girgiza kai. "Baba-ya-ce. Tun shekararta ta farko ban taɓa gama bayani a aji ba ta ɗaga hannu ta ce Baba ya ce kaza ba. Wallahi akwai ranar da na koma gida ina huci, na ce wa iyalina, ni ko ba na cewa komai ne? Wane ne wannan Baban? Ranar da na fara hawa matattakalar nan taka, zuwa na yi in ga mutumin da ya hana ni sakat."

Sarkin Wuta ya ji daɗi, ba za a ɓoye ba. Amma daɗin ya zo ne a daidai lokacin da Dogo ke ɗora guntun hasumiya na ƙarshe a bayan tirela, Auta kuma tana tsaye da jakarta a gefen motar jami'a. Garin neman gira ya rasa ido. Ta zo ta durƙusa, ya sa mata albarka, sannan ya zaro jan fulas ɗin daga ƙarƙashin hammatarsa ya miƙa mata, fuska a ɗaure.

"Ungo. Dattijo ne, kada ki riƙa cika masa sukari."

Har yanzu yana ɗaga kai ya duba hayaƙi kullum da safe, sai dai ya rage yi wa mutane huɗuba a kansa. Gidan ya yi musu girma shi da matarsa. Ranar hutu yakan ajiye waya kusa da shi, yana cewa ba jiran kowa yake yi ba. Wata ranar hutun da hantsi ta kira, suka gaisa, ta tambayi uwarta, ta tambayi Dogo, sannan ta ce, "Baba, ka san mai tanderun nan wani dattijo ne mai kirki, ya san wuta sosai. Jiya yake ce min..."

Wani mai tanderu kuma! Mai kirki! Wanda ya san wuta sosai! Yatsansa har ya kai kan maɓallin kashewa. Matarsa ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta tana kallonsa. Ya janye yatsan da ƙyar, ya jawo kujera ya zauna, ya yi ƙasa da murya iyakar iyawarsa, wanda duk da haka maƙwabta sun ji.

"Ina jin ki, Auta," ya ce. "Me ya ce?"